Umma Mabaruka da Alkakin Shinkafa

Ranar Talata ce da hantsi. Ina tsaye gaban allo ina fama da 'yan aji huɗu a kan lissafi, sai wayata ta ɗauki ƙara a cikin jaka. Ni ba na amsa waya a aji, duk makarantar an san ni da wannan, har tsegumi ake yi wai na cika tsanani. Amma ranar ban san lokacin da na ajiye alli na zaro ta ba. 'Yata ce Walida, wadda ke zaune wurin kakarta a Zaitawa.

"Mama," in ji ta. Ina jin numfashinta. "Mama, Umma ta cika."

Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na sake faɗa, na kuma faɗa, har yaran suka kama maimaitawa tare da ni ba su san wanda ya rasu ba. Walida ta ce Umma ta idar da sallar walha ke nan, ta ce a miƙo mata ruwa, kafin a kawo ta jingina da bango, shi ke nan. Na fito ko jakar ban rufe ba, na tari adaidaita daga Ƙofar Dawanau. A bakin lungu na sauka, don lungun gidan ko babur da ƙyar yake ratsa shi, na ƙarasa da ƙafa. Tun daga nesa na hango an fara shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.

Umma mahaifiyar maigidana ce. Sunanta Hajiya Mabaruka, kuma yau ne karon farko da na rubuta sunan nan, balle a ce na taɓa furta shi. Shekara ashirin da uku ina auren ɗanta, Umma nake ce mata kamar kowa. Da Allah ya ba mu 'ya mace aka mayar mata da sunan, shi ya sa muke kiran yarinyar Walida. Ita kuwa Umma ba ta taɓa kiranta da komai ba sai "takwara". Mutane da yawa da suka zo ta'aziyya sun san Umma da alkaki, amma ba kowa ya san abin da ya raba ta da alkama ba. Shi nake so in rubuta, kuma ni ma ina cikin labarin, ba kuma a wuri mai kyau ba.

Kakannin Umma fatake ne da suka ƙetaro hamada daga arewa, suka yi zamansu a cikin birni tun zamanin da ake shigo da kaya a bayan raƙumi. Fataucin ya wuce, harshen ma ya tafi, amma girkin ya zauna a hannun matansu. Gidan Umma gidan alkama ne. Alkaki, dubulan, alkubus, gurasa, taliyar murji, duk abin da ake yi da ita Umma ta gaje shi daga uwarta, uwarta daga tata uwar. In za a kai garar amarya a unguwannin nan, watau kayan ci da iyayen amarya ke kaiwa gidan miji, kuma aka ce alkakin daga gidan Umma ya fito, to dangin ango ba su da abin cewa. Takan ce, "Mu da alkama aka yaye mu." Ni kuwa 'yar gidan tuwon dawa ce, malamar makaranta, ban taɓa murza alkaki ba sai da na shigo gidan. Ranar da na fara gwadawa ta ɗaga nawa sama ta nuna wa mata, ta ce, "Ku zo ku ga igiyar ɗaure akuya." Daga ranar ta sa mini suna Malama, ta ce hannuna na alli ne, in bar mata ƙullu.

A lokacin muna zaune ne a gidan, sashenmu yana jikin nata. Tun da aka yaye Walida ba ta ƙara samun lafiya ba. Ciki ya kumbura, ƙafafu kamar sillen kara, gudawa ba dare ba rana, ga kuka marar dalili. Tana shekara shida amma in ka gan ta sai ka ce huɗu. Babu abin da ba a ce ba: shawara ce, basir ne, tsutsar ciki ce, bakin mutane ne. An sha jiƙo, an sha rubutu, an sha maganin asibiti. Umma kuwa maganinta ɗaya ne, abinci. Kullum da safe sai ta zaunar da ita a cinya ta dama mata kunun alkama, da rana ta tsoma mata alkubus a miyar taushe tana lallaɓa ta. Duk wanda ya ga yadda take yi ya san so ne, ni ma na sani.

Sai da muka haɗu da wani likitan yara mai haƙuri, ya sa aka ɗebi jini, aka zura wani abu aka duba hanjinta, sannan ya zaunar da mu ni da babanta. Ya ce ciwon sunansa siliyak. Akwai wani sinadari mai danƙo a cikin alkama, shi ke sa ƙullu ya miƙe, shi ne kuma yake cinye mata hanji. Ba ƙwaya, ba allura. Maganin kawai ta bar alkama da fulawa da duk abin da aka yi da su, har ƙarshen rayuwarta. Ya ce ko ɓurɓushin da ya maƙale a cokali ya isa ya kwantar da ita. Muna fitowa babanta ya dube ni ya ce, "To wa zai gaya wa Umma?" Na ce, "Ai kai ka haife ta... au, ita ta haife ka." Ya ce yana da kaya da za a sauke a kasuwa. Haka ya zame ya bar ni da aikin.

Na durƙusa a bakin ɗakinta na zayyana mata. Ta saurare ni har na gama, sannan ta yi dariya, dariya ta gaske. Ta ce, "Malama, likitan nan ɗan wane gari ne? Alkama ce za ta cuci jinina? Ni na ci, uwata ta ci har ta shekara casa'in." Na ce haka gwaji ya nuna. Ta ce to Allah ya kyauta, ta ci gaba da tankaɗe. Ni kuma na koma ɗaki raina a ɓace, na kafa dokar da har yau in na tuna sai na ji nauyi: Walida ba za ta ƙara cin komai daga hannun Umma ba. Wanda bai tashi a irin gidajen nan ba ba zai gane girman maganar ba. Jika a ɗakin kaka yake ci. Da azahar Umma takan ajiye babban tire, jikoki su kewaye, takwara a gefen damanta. Yanzu sai ga takwara a bakin ƙofa da ɗan kwanonta da na zubo mata, tana ci tana kallon 'yan'uwanta.

Mako biyu Umma ta jure. Ta kuma ga abin da kowa ya gani, gudawar ta tsaya, yarinyar ta fara wasa. Ba ta ce likita ya yi gaskiya ba, Umma ba ta saurin faɗin irin wannan. Sai dai wata safiya ta kira ni ta ce, "Malama, shinkafa fa? Gero fa? Su ma likitanki ya tsine musu?" Na ce a'a, su ba komai, har dawa da masara da acca da rogo. Ta ce, "To ni zan riƙa yi mata waina da sinasir, ta dawo wurina." Na yarda, don ni ma abin yana cin raina. Walida ta koma gefen kakarta da wainarta, gida ya yi daɗi.

Ba a rufa wata ba ciwon ya dawo, har ya fi na da. Ranar da abin ya faru, yarinyar ta kwana biyu tana murƙususu, ni kuma ban runtsa ba. Na fito tsakar gida na tarar da mata sun cika shi, ana aikin garar wata amarya, Umma na tsakiya tana naɗa alkaki, ko'ina fari fat da gari. Wallahi ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Umma, ki ji tsoron Allah! Kina ba ta a ɓoye! So kike ki kashe mini 'ya don kar a ce likita ya fi ki sani?" Na ƙara da cewa in haka ne zan kwashe ta mu koma gidanmu, kuma ba za ta sake taka gidan nan ba.

Ni ce fa, surukar da ko ido ba ta haɗawa da ita. Yaya Zuwaira, babbar 'yar Umma, ta miƙe tana gyara ɗaurin zane, na san mari ne ke tafe, kuma na cancanta. Umma ta ce, "Zuwaira, zauna." Ta goge hannunta a hankali, ta dube ni. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ban ba ta ba, Malama. Allah ne shaidata. Amma in a hannuna ta ci ta kwanta, to daga hannuna ne. Ki ba ni kwana uku kafin ki ɗaure kayanki."

Abin da ta yi a kwana ukun nan shi ne Umma. Wata da sai ta yi fushi, ta kira ɗanta ta ce ya zaɓa, kuma duk unguwa za ta goya mata baya. Ita sai ta bi sawun shinkafarta. Matar da ta fi shekara talatin ba ta je wurin niƙa da kanta ba, ta yafa mayafi ta ɗauki roba ta tafi, ta tsaya a kan mai inji. Nan ta ga abin. Saboda girmamawa, mai injin ba ya sa kayan Umma a layi. Duk abin da ya zo daga gidanta a jere yake zuba shi, alkamar gara a gaba, shinkafar takwara a bayanta, don kar niƙan wani ya shiga tsakani ya ɓata wa Hajiya gari. Gata yake yi mata, bawan Allah. Ta dawo ta zauna a tsakar gida tana bin kayan aikinta da ido ɗaya bayan ɗaya. Ta sa aka kira ni.

Ta ce, "Zauna ki ƙirga da ni, ke ce mai lissafi. Inji, ɗaya. Rariyar da na tace, biyu. Ƙwaryar da ƙullun ya kwana, uku. Ludayi, huɗu. Man da na soya, ragowar na alkaki ne, biyar." Ta riƙe yatsunta biyar a buɗe tana kallonsu. "Sau biyar nake ba ta alkama a waina ɗaya, ina cewa ci, takwara, ci ki yi ƙiba." Ranar na fara ganin hawayen Umma. Ni kuwa na sunkuyar da kai, kalmar ban haƙuri tana bakina ta ƙi fita.

Ta ƙarasa garar da ke hannunta, don ta ce amana ce. Ranar da aka ɗauke kayan ta tara 'ya'yanta ta ce daga yau alkama ta bar gidan nan. Yaya Zuwaira ta yi tsalle ta dire. Ta ce wannan sana'a gadon kaka da kakanni ce, da ita aka san gidan, ba za a rushe ta saboda yarinya ɗaya ba, a ware mata tukunyarta mana. Umma ta ce, "Na ware, kin ga abin da ya faru. Gari ba ya zama inda aka ajiye shi, tashi yake. Gadon da zai hana jikata zama kusa da ni, ki ɗauka na bar miki." Haka aka yi. Zuwaira ta kwashi ƙore da rariya da kasake ta kai gidan mijinta ta ci gaba da sana'ar a can, kuma tun daga lokacin gaisuwa ce kawai tsakanina da ita. Umma ta sa aka fasa tanderun da uwarta ta gasa gurasa a ciki. Aka wanke ɗakuna, aka sake shafe. Ta tafi Kurmi da kanta ta zaɓo sabon turmi da taɓarya da faifai da muciya, ta ce an gama kai niƙa inji, daka za a riƙa yi.

Dokar kuma ba ta bar kowa ba. Mai son burodi ya ci a zaure, ya wanke hannu da baki kafin ya shigo. Maigidana da girmansa, da furfurarsa da ta fara fitowa, na sha ganinsa a rakuɓe a zaure da kofin shayi kamar baƙo. In mata suka zo da yara, Umma takan tare su da fara'a ta ce, "Sannunku da zuwa, me ke cikin jakar?" Biskit ya sha kwana a kan katanga. Har dunƙulen miya sai da ta sa na karanta mata abin da aka rubuta a jikin takardarsa, wanda aka ambaci alkama ta ce a ba maƙwabta, ta koma wa daddawarta. Ɗanwake kuwa ta ce dama can na ainihi ba shi da fulawa, wake ne da dawa da rogo da kuka, 'yan zamani ne suka lalata shi. Ba ta kuma yarda a yi tukunya biyu ba. Takan ce, "Ni ba abincin mara lafiya nake dafawa ba, abincin gida nake dafawa." Abin da Walida za ta ci, shi kowa zai ci, a tire ɗaya.

Cikin shekara guda yarinyar ta miƙe, kumatu suka fito, ta shiga makaranta. Da ni ce, da a nan na tsaya na gode wa Allah. Amma da ƙaramar salla ta zo, Walida ta ga yaran maƙwabta da alkaki a hannu, ta dawo ta kwanta a jikin kakarta ta ce, "Umma, ni shi ke nan ba zan ƙara ci ba?" Umma ta ce, "Wa ya gaya miki?" Daga wannan tambayar ta shiga aikin da ya ɗauke ta kusan shekara biyu.

Kai, mun ga abubuwa! Alkaki sai ƙullu ya yi danƙo ake iya murza shi a naɗe, shinkafa kuwa ba ta da danƙon. Na farko yana shiga mai ya watse, muka kwashe da matsami kamar gyaɗa. Ta sa garin busasshiyar kuɓewa, ya riƙe, amma in ka tauna sai ka ji kana neman tuwo. Ta sa kuka, ya fito kore shar, har awakin maƙwabta suka sunsuna suka wuce. Gurasar dawa da ta manna a sabon tanderu ta saki bango ta faɗa cikin garwashi, sai ta koma gasa ta a kasko da murfi, wuta sama wuta ƙasa. Duk wanda ya lalace sai ta ɗanɗana, ta yi tsaki, ta ce, "Wannan ma ya gaya mini wani abu." Matar da sunanta ya kai ko'ina a kan alkaki, ga ta ta koma 'yar koyo tana da shekara sittin da ɗoriya, jikoki suna yi mata dariya tana taya su.

Wata rana ta tuna lokacin da take jiƙa wa marigayi mijinta ƙaro yana haɗa tawada, yadda yake kama yatsu. Ta aika Kurmi aka sayo mata fari mai kyau. Amma kafin ta zuba ko ɗigo, sai ta kira ni ta ce, "Malama, je ki tambayo mana likitanmu ko takwara za ta iya cin wannan." Likitanmu fa ta ce. Na danne dariyata na tafi, ya ce ba matsala. Tsakin shinkafa, acca, ɗan garin rogo, ruwan ƙaro, a murje da man gyaɗa, a bar shi ya kwana ya yi tsami. Da ta naɗa ta saka a mai, ya tsaya. Ta tsoma a zuma ta miƙa wa Walida. Yarinyar ta ci uku a tsaye. Ni kuma da na ɗanɗana na ce wallahi ya fi na alkama. Umma ta harare ni ta ce, "Kar ki yi mini ƙarya a kan sana'ata. Bai kai ba. Amma alkaki ne."

Akwai wani abin da ta yi wanda ya fi girkin wuya. A wurinmu mayar da abincin mutum cin fuska ne, balle yaro ya tambayi babba me aka sa a ciki. Umma ta zaunar da Walida ta koya mata yadda za ta yi wannan tambayar cikin ladabi, da yadda za ta ce: "Na gode, Allah ya ƙara buɗi, cikina ne ba ya karɓar alkama." Ta sa ta maimaita har ta iya faɗa ba tare da ta sunkuyar da kai ba. In za a je biki ko suna, Umma takan zuba nasu a kula, su zauna su biyu su ci a tsakiyar mutane, wanda zai yi magana ya yi da ita. Ita kanta ba ta ƙara sa alkama a baki ba, ko a gidan Zuwaira, ko a inda Walida ba ta nan. Na taɓa kama ta a bakin lungu, mai tallan gurasa ta wuce da zafinta, Umma ta tsaya ta lumshe ido tana shaƙar ƙamshin. Da ta ga na gan ta sai ta ce, "Ina sonta har gobe, Malama. Mu tafi."

Da muka gina namu gidan a Ƙofar Dawanau muka tashi, Walida ta ce ita tana nan wurin Umma, ban kuma hana ba. Yanzu shekararta goma sha tara, tana jami'a, doguwa ce har ta fi ni. Duk tsawon shekarun nan ban taɓa ba Umma haƙuri a kan maganar da na yaɓa mata a gaban mata ba. Kunya ta hana, girman kai ma ya taimaka, ba zan ɓoye ba. Sai watan da ya wuce, da na ga ƙafafunta sun fara kumbura, tana salla a zaune, na samu ranar da muke mu biyu na durƙusa na ce ta yafe mini. Ta ce, "Wace magana?" Na tuna mata. Ta yi murmushi ta ce, "Da ba ki ɗaga murya ranar ba, da na ƙarasa yarinyar nan da hannuna ina ganin gata nake yi mata. Na yafe tun kafin ki rufe baki." Sannan ta ƙara da cewa, "Amma fa kin iya tsiwa, Malama."

Ranar rasuwar, bayan an kai ta an dawo, wani tsoro ya kama ni a tsakiyar kuka. Gidan makoki ba ya ɗora tukunya, maƙwabta da dangi ne ke aiko da abinci har kwana uku. Na san abin da unguwar nan ke aikowa in ana son a girmama mamaci: alkubus, funkaso, taliya, gurasa. Umma mai tsare ƙofar ta tafi. Walida kuwa tun safe ko ruwa ba ta sha ba, tana zaune a ɗakin Umma ta haɗa kai da gwiwa. Na ce a raina yau alkama za ta dawo gidan nan tun ƙasar kabarin ba ta bushe ba, kuma daga yau 'yata ta zama baƙuwa a gidan kakarta. Na share hawaye na je na tsaya a bakin zaure ta ciki. Na shirya in yi rashin kunya karo na biyu, ko da wa.

Tiren farko Yaya Zuwaira ce ta shigo da shi da kanta. Na sa hannu zan ɗaga murfin. Ta ce, "Cire hannunki, Malama. Dambun shinkafa ne. Sabuwar tukunya, sabon madambaci, kuma ba a gidana aka yi ba, don gidana duk gari ne." Idonta ya kumbura da kuka, ta wuce ni. Na biyu ya shigo, tuwon shinkafa da miyar taushe. Na uku faten acca. Na huɗu waina, mai kawowa tana cewa a turmi aka daka, man ma sabo ne. Kowace mace ta shigo sai ta tsaya ta gaya mini yadda aka yi, kamar masu ba da hadda. Wata tsohuwa maƙwabciya, ƙawar Umma tun suna amare, ta ga na daskare sai ta kama hannuna.

Ta ce, "Ashe ba ta gaya miki ba? Ai makonni kaɗan da suka wuce ta bi lungun nan gida-gida da sandarta, tana zama tana hutawa. Mun ɗauka sallama ce kawai da neman gafara. To kowane gida sai ta ce a kira mata mai girki, ta zaunar da ita ta yi mata bayanin inji da rariya da mai. Ta ce mana, 'Ranar da na mutu kar alkama ta shigo mini gida. Takwarata za ta yi kuka, za ta ji yunwa, ba ni nan. Ku bar ta ta sa hannu a duk tiren da ya fi kusa da ita.'"

Na juya na kalli tsakar gida. Zuwaira ta riƙo Walida ta fito da ita, ta zaunar da ita a tsakiyar mata, ta jawo tire gabanta. Yarinyar ta buɗe baki za ta yi tambayar da aka koya mata tun tana ƙarama. Zuwaira ta ce, "Ci kawai. Umma ta riga ta tambaya miki." Walida ta sa hannu ta kai loma ɗaya, ta biyu ta tsaya a hannunta, ta fashe da kukan da ba ta yi ba tun safe. Kwana uku aka yi ana shigo da abinci, ko ƙwayar alkama ba ta ƙetare zauren ba.

Ya Allah, ga baiwarka Mabaruka ta zo gare ka. Ta bar abin da take so saboda yarinya mai rauni, ba ta taɓa yi mata gori ba. Ka gafarta mata, ka yi mata rahama, ka sauƙaƙa mata tambaya, ka yalwata kabarinta ka haskaka shi. Ka ciyar da ita daga abincin Aljanna, ka shayar da ita daga tafkin Manzonka, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Ka ba 'ya'yanta haƙuri, ka haɗa kansu, ka wanke abin da ya rage tsakanina da Yaya Zuwaira. Ka saka wa matan lungun nan da alheri, su da suka riƙe wasiyyarta. Takwararta kuma, ya Ubangiji, ka tsare mata lafiyarta, duk gidan da ka rubuta za ta zauna ka sa ta tarar da masu tausayinta. Mu da muka rage, in tamu ta zo ka sa mu cika da imani. Amin.